Motata ce ke kai wa maigida rahotona: in sa a yanke wayar?

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar makaranta ce a nan Zariya, shekarata tara da aure, 'ya'yanmu uku. Bara na kwashi adashe, na haɗa da rancen ƙungiyar ma'aikata, na sayi mota beljiyam 'yar Amurka, ƙirar 2018. Kuɗina ne, amma maigida ne ya je wurin dila ya ɗauko ta, ni dai makulli aka miƙo mini.

Tun daga lokacin na lura duk inda na taka ya sani. In na tsaya kasuwar Sabon Gari sai ya kira ya ce in taho da doya tunda ina wurin. Da farko dariya nake yi. Wata rana ƙanena ya ari motar zai je Giwa, ina zaune a gida da wayata a hannu, sai ga kiran maigida cikin faɗa, wai me ya kai ni hanyar Funtuwa. Da na matsa masa sai ya ce motar ce ke gaya masa, kuma ko sace ta aka yi, daga wayarsa zai kashe ta. Ya ce don tsaro ne, in bar maganar.

Watan jiya na raka wata aminiyata asibitin Shika kan wata lalura da ko danginta ba su sani ba. Ina dawowa ya tambaye ni me na yi awa huɗu a Shika. Na ce wata na raka, ya ce wa, na ƙi faɗa. Kwana uku bai ci abincina ba. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, ba ya hana ni aiki ko zumunci, amma yanzu in na shiga motar ji nake kamar akwai mutum zaune a kujerar baya.

Ƙanena ya ce motocin zamani da layin waya suke fitowa daga kamfani, ya nuna mini wani maɓalli a saman madubi mai rubutun SOS, ya ce fiyus ɗaya za a zare shi ke nan. Wani mai wayarin kuma ya ce in kawo ta ya yanke wayar cikin minti goma. In sa a yi ba tare da maigida ya sani ba? Ina yawan bin hanyar Kaduna, kuma ina tsoron kada in cire abin da zai cece ni wata rana.

Wata malama, Zariya

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma inda ya tsaya mini a rai shi ne mutumin nan da kike ji a kujerar baya. Mace mai aiki da 'ya'ya uku, sau da yawa 'yan mintocin da take yi a mota tsakanin gida da makaranta su ne kaɗai lokacin da take daga ita sai Ubangijinta a yini guda. A nan take azkar, a nan take share hawayen da ba ta son yara su gani. Wanda ya ɗauke mata wannan bai ko gaya mata ba, ya taɓa ta a wuri mai zafi. Don haka kada ki bari kowa ya ce miki kin cika ƙorafi. Sai dai ki dakata da mai wayarin nan tukuna. A ganina wayar da yake shirin yanke miki ba ita ke kai rahotonki ba, kuma daga cikin wasiƙarki na samo dalilina.

Ƙanenki bai yi ƙarya ba. Motocin da ake ƙerawa don kasuwar Amurka da Turai a 'yan shekarun nan, da yawansu akwai wani ɗan akwati a ɓoye bayan dashbod, da layin waya manne a cikinsa wanda ba a zare shi kamar sim ɗin wayarki, da eriya a kan rufi. Motar tana da kunne, tana da baki. Kunnen shi ke sauraron siginar tauraron ɗan'adam ya lissafa inda motar take. Shi tauraron ba ya ganin kowa, kuma kunnen ba ya gaya wa kowa komai. Bakin shi ne layin wayar, shi ke aikawa da labarin zuwa kwamfutocin kamfani. Maɓallin SOS ɗin da ya nuna miki ta wannan layin yake kiran neman agaji in an yi haɗari, har ma a Tarayyar Turai tun 2018 doka ta wajabta irinsa a sababbin ƙirar motoci. Kuma masu tsoron wannan akwati suna da hujja. A 2023 gidauniyar Mozilla ta duba ƙa'idojin sirri na motoci iri 25, ba ko ɗaya da ya tsallake. A shekarar ce kuma Toyota ta amsa cewa bayanan wuraren da motocin mutum sama da miliyan biyu a Japan suka je sun kusa shekara goma a buɗe a intanet saboda kuskuren saiti. A 2024 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda kamfanin motoci na General Motors ya riƙa miƙa bayanan tuƙin mutane, taka birkinsu da gudunsu, ga kamfanonin da ke sayar wa masu inshora, har kuɗin inshorar wasu ya tashi ba su san dalili ba. Shi ya sa a can za ki ga mutum ya sayi sabuwar mota, abin da zai fara yi shi ne neman yadda zai rufe mata baki.

To amma wannan bakin, da yaren ƙasar da aka ƙera motar dominta yake magana. Layin da ke cikin mota 'yar Amurka na kamfanonin wayar Amurka ne, hidimar ma don masu zama can aka tsara ta, ga kuɗin rajista da ake biya. Ƙari a kan haka, a 2022 manyan kamfanonin wayar Amurka suka rufe sabis ɗin 3G, motoci masu yawa na shekarun baya bakinsu ya mutu tun suna can, kafin ma su hau jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas. Mota beljiyam da ke yawo tsakanin Samaru da Kwangila, da wuya a ce ta wannan akwatin ne mutum ke kallon ta a wayarsa kai tsaye.

Yanzu koma kan maganar maigidanki, wadda ya ce daga wayarsa zai kashe motar. Galibin kamfanonin mota ba sa damƙa wa mai mota wannan ikon. Ko OnStar, tsarin agaji da tsaro na motocin General Motors, wanda ke iya rage wa motar da aka sace gudu, sai an kai rahoto ga 'yan sanda sannan ma'aikatansu su yi da kansu. Abin da ke ba mutum damar kashe mota da saƙon tes shi ne tirakar da ake sakawa a nan gida: 'yar na'ura da ba ta fi akwatin ashana da yawa ba, da sim na MTN ko Airtel ko Glo a ciki, a ɓoye ta ƙarƙashin sitiyari ko bayan rediyo, a yanke wayar famfon mai a bi da ita ta cikin wani ɗan makunni da ke karɓar umarni daga nesa. Labarin Giwa kuma ya nuna motar ake bi, tunda wayarki na hannunki a gida. Ina da ƙarfin zato tun ranar da aka ɗauko ta daga wurin dila aka saka mata. Kin ga in kika zare fiyus ɗin da ƙanenki ya faɗa miki, an bar jaki ana dukan taiki.

Ko da mai wayarin ya lalubo tirakar kanta, cire ta a ɓoye ba zai ɓoyu ba. Mafi yawansu suna da ɗan batir nasu, kuma da zarar an datse musu wuta sai su aika da saƙon gargaɗi ga lambar da aka yi musu rajista da ita, don dama ɓarawo aka yi wa wannan tanadin. Kafin ki fito daga garejin saƙo ya shiga wayar maigida. Ki duba yadda abin zai zo masa: mata ta yi awa huɗu a inda ta ƙi bayani, bayan wata guda kuma ta je a ɓoye ta cire na'ura. Ke kin san zuciyarki fes take, shi kuwa kin ba shaiɗan abin da zai riƙa karanta masa da dare. Ga kuma motar ita kanta. Wanda ya yi miki alkawarin minti goma bai yi niyyar bin waya ya ga inda ta nufa ba. In aka cire na'urar ba a mayar da wayar famfon mai yadda take ba, ko motar ta ƙi tashi, ko kuma, wanda ya fi muni, haɗin ya saki wata rana kina tsakiyar hanyar Kaduna wajen Jaji da magariba.

Bari in yi wa maigidanki adalci, don ba ya nan balle ya kare kansa. Duk mutumin Zazzau ya san abin da aka gani a shekarun nan. Ba a manta daren watan Yunin 2021 da aka shiga kwalejin Nuhu Bamalli aka kwashi ɗalibai da malamai ba, ba a manta jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na watan Maris 2022 ba, ga ƙauyukan Giwa da suka sha hari. Namijin da ya buɗe waya ya ga motar matarsa ta miƙi hanyar Funtuwa ba da saninsa ba, faɗan da ya yi a ranar ni tsoro na fi gani a cikinsa. Saka tiraka a mota kuma dabara ce mai kyau, masu hankali da yawa suna yi, kuma ana samo motocin sata ta dalilinta. Ke ma da kanki kin ce kina tsoron cire abin da zai cece ki. A nan ba ku da saɓani.

Laifinsa biyu ne. Ya saka bai gaya miki ba, a motar da guminki ya saya, alhali addininmu ya bar wa mace dukiyarta. Sannan abin da aka saka don ranar tashin hankali ya mayar da shi abin dubawa kullum. Kiran doyar nan da kika yi wa dariya shi ya fi nuna mini haka: babu wata fargaba a kasuwar Sabon Gari da rana tsaka, hannunsa ne kawai ya saba da buɗe manhajar. Kuma wannan sabon yana cutar da shi fiye da yadda ya sani. Taswira tana nuna inda mota ta tsaya da tsawon lokacin da ta yi, ba ta faɗin dalili. Gurbin dalilin nan kuwa ba ya zama fanko, zuciya ce ke cike shi da abin da ta ga dama. A aya ta 12 ta Suratul Hujurat Allah ya hana yawan zato, ya bi shi da hana leƙen asiri, ya bi shi da hana giba, a jere, don ɗaya ke jawo ɗaya. Mai yiwuwa ya ce miki ai ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, in ba ki da abin ɓoyewa me ya dame ki. Amsarki tana Shika. Abin da kika ɓoye ba naki ba ne, amanar wata baiwar Allah ce, kuma kin yi daidai da kika riƙe ta ko da ta jawo miki kwana uku na fushi.

Ke ma akwai inda zan ja kunnenki kaɗan. Da tun da safe kin ce masa za ki raka wata asibiti kuma za ki daɗe, lalurar mata ce da aka ba ki amanarta, da wataƙila kwanon abincin bai dawo a rufe ba. Sanar da miji inda za a je tarbiyyarmu ce, kuma ba ta rage wa mace komai. Ki yawaita ta da bakinki, tun bai tambaya ba. Namijin da ake ba labari a sake ba ya jin ƙishirwar zuwa nemo shi a taswira.

Akwai kuma wata magana da nake so ki riƙe da kyau, don ita ce za ta fi shiga kunnensa. Kin tabbata shi kaɗai ke kallon ki? Tirakar nan wani ne ya saka ta. Wani ne ya sayi sim ɗin, kuma tunda yanzu kowane layi a Najeriya sai an haɗa shi da lambar NIN, akwai sunan wani a kansa. Wani ne ya buɗe asusun ya sa lambar sirri. A yadda aka saba, mai sakawa yakan riƙe babban asusu wanda yake ganin duk motocin da ya yi wa aiki, shi da yaran shagonsa, wani lokaci har da dila. Da yawa kuma ba a ko canza lambar sirrin da na'urar ta zo da ita. A 2022 hukumar tsaron intanet ta Amurka ta yi gargaɗi kan wata tirakar mota mai arha, MiCODUS MV720, wadda ke zuwa da lambar sirri 123456, kuma masu bincike suka nuna cewa baƙo na iya bin motar, ya ma datse mata mai daga nesa. Wasu ire-irensu har da ɗan makirfo, a kira layin a ji abin da ake faɗa a cikin mota. To a garin da kowa ya san aikin infoma, ki auna darajar wannan bayanin: ƙarfe nawa kike fita, wace makaranta kike ajiye yara, wace rana kike hawa hanyar Kaduna, ina kike tsayawa shan mai. In maigida bai san hannu nawa ke riƙe da makullin ba, katangar da ya gina miki da ƙofa a bayanta.

Ta nan za ki shigo masa. Ki zaɓi daren da ya ci ya ƙoshi, yara sun yi barci, ba ranar da kuka yi saɓani ba, ba kuma ta waya ba. Ki fara da godiya, kuma ki yi ta da gaske. Ki ce masa, Abban yara, na san don tsarona ka sa na'urar nan, Allah ya saka da alheri, amma tun da na sani ban ƙara sakewa a motar ba, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali ban san ko wa da wa ke ganin inda nake ba bayan kai. Ki tambaye shi sunan wa ke kan layin, wa ya sa lambar sirri, ya taɓa canza ta. Ina kyautata zaton zai yi shiru, don bai taɓa tunanin haka ba. Kada ki yi amfani da shirun ki ci galaba, ki bar shi ya zama shi ne zai ce gobe mu je wurin yaron. In hira ta yi daɗi, sai ki yi masa tambayar da ke ƙasan duk wannan, a hankali, kina kallon idonsa: akwai abin da ka taɓa gani a wurina da ya sa ka zarge ni? In akwai, gara ya fito a yi maganinsa. In babu, kunnensa ya ji bakinsa ya faɗa. Maganar Shika kuma ki rufe ta da kanki: mace ce, aminiyarki ce, lalurar asibiti ce, ta roƙe ki sirri, kuma yadda kika riƙe nata haka kike riƙe nasa a wurin ƙawayenki.

Tsarin da nake ba ki shawara ki nema shi ne tirakar ta zauna, makullinta ya dawo hannunki. A sa sabon sim da aka yi wa rajista da NIN ɗinki, a sa manhajar a wayarki, ke ki canza lambar sirri da hannunki, a goge lambobin waya na duk wanda aka ba izinin yi wa na'urar umarni in ban da waɗanda kuka amince da su. Shi kuma ki rubuta masa lambar sirrin ya adana, bisa alkawarin ba zai buɗe ba sai an neme ki an rasa, ko an sace motar. Duk ranar da za ki yi tafiya, ke da kanki ki tura masa inda kike kai tsaye ta WhatsApp, wanda ke iya nuna tafiyarki har tsawon awa takwas sannan ya tsaya da kansa. Ya ga fitarki daga Ɗanmagaji, ya ga isarki Kawo, hankalinsa ya kwanta, kuma ke kika buɗe masa ƙofar. In ya ce shi bai yarda ya cire manhajar daga wayarsa ba, akwai matsakaiciya: a sa wa tasa motar ita ma, kowa ya riƙa ganin kowa. Wasu ma'auratan sun zauna lafiya a haka. Wasu mazan kuwa da an kawo wannan sai su gane nauyin abin a karon farko, su sauko da kansu. In kuma kun ga ku cire ta gaba ɗaya, haƙƙinki ne, sai dai ni da nake sanin hanyar da kike bi ba zan so haka ba.

Ranar da za ku je wurin mai sakawa, ku je tare, ki tsaya a kan aikin. A nuna miki na'urar da idonki, ki ɗauki hotonta da sunan ƙirarta da inda take. Ki tambaya ko tana da makirfo, in akwai a zare shi ki riƙe a hannunki, kada ki yarda da an kashe a saiti. Ki sa a duba ko guda ɗaya ce, don wasu dilolin suna saka tasu daban tun motar na wurinsu. A leƙa har da ramin da bakanike ke soka kwamfutarsa a ƙarƙashin sitiyari, akwai irin da a nan ake maƙala su. Ki tambayi mai shagon kai tsaye ko yana iya ganin motarki daga nasa asusun, ki ce ya cire ki. Kina da doka a bayanki: sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba ki ikon tambayar duk wani mai sana'a me yake riƙe da shi na bayananki, ki kuma nemi ya goge. In ya yi gardama ko ya fara kame-kame, ku sauya na'urar dungurungum a wani wurin. Kuma tunda an zo maganar takardu, ki buɗe na motar ki ga sunan wa ke kan shaidar mallaka da lasin. In ba naki ba ne, ki nemi a gyara cikin ruwan sanyi, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Shi kuwa akwatin kamfani, tunda kin tambaya, ga yadda ake bi da shi. A fara da abin da za a iya mayarwa. Ki shiga saitin allon motar ki goge komai ya koma yadda ya fito daga kamfani, don motocin beljiyam kan zo da adireshin gidan mai ita na farko da lambobin mutanensa. In za ki haɗa wayarki ta Bluetooth, ki ƙi ba ta izinin kwashe lambobinki da saƙonninki. In har yanzu kina son a rufe bakin gaba ɗaya, littafin motar yana nuna fiyus ɗin kowane abu; a motocin Toyota, alal misali, DCM ake rubuta wa wannan akwatin. Amma ki sani ba kullum yake tafiya shi kaɗai ba. A wasu motocin makirfon amsa kira ta cikinsa ya bi, har da sifikar gaba, sai ki zare fiyus ki ga ana jin ki shiru in kin amsa waya, ko wata fitilar gargaɗi ta kama a dashbod. Maɓallin SOS ma zai mutu, ko da yake a nan dama ba wanda zai amsa shi; lambobin da za su yi miki amfani su ne 112 ta gaggawa da 122 ta jami'an kiyaye haɗurra, ki sa su a wayarki. Ƙa'idar ita ce a zare, kada a yanke, a gwada kwana biyu, in wani abu ya lalace a mayar. Kuma duk wayar da kika ga mahaɗinta ruwan ɗorawa ne, ta jakar iskar kariya ce, wadda ke kumbura ta tare mutum in an yi haɗari, kada almakashin kowa ya kusance ta. Ni dai da motata ce, goge allon zan yi in bar akwatin a inda yake.

Wayarki ma ki duba ta, ko da labarin Giwa ya wanke ta. In shi ya buɗe miki adireshin imel ɗin da ke kanta, ko kun taɓa kunna raba wuri a Google Maps, ki sani. Ba don ki rufe a ɓoye ba, don dai duk abin da ke buɗe ya zama da saninki yake buɗe.

Idan kika yi duk wannan ya ce atafau, sai ya kalle ki kuma ba ki da ta cewa, to maganar ta wuce ta mota. Kada ki kai ta dandalin ƙawaye ko zauren WhatsApp na dangi. Ki nemi mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, yayansa ko kawunsa ko malamin da yake ɗaukar karatu a wurinsa, ki faɗi abin yadda yake ba ƙari, har da alherinsa. In ba a dace ba sai waliyyinki ya shigo. A wannan matakin, in kin yanke shawarar cire na'urar daga motarki, ki gaya masa a gaban babban kafin ki yi, da rana da wuri. Kin ce bai taɓa ɗaga miki hannu ba, kuma na yarda da ke. Amma saboda sauran mata da za su karanta wannan da labari irin naki, dole in ƙara: wadda mijinta ke duka ko barazana, ko tsohon miji ne ke bin ta, kada ta tunkare shi ita kaɗai da wannan magana, kada kuma ta cire na'urar kafin ta shirya inda za ta fake, don lokacin da mai bibiya ya ga ya rasa ganin mutum shi ne mafi haɗari. Ta fara sanar da danginta, ta nemi ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Jihar Kaduna tana da dokar hana cin zarafin mutane tun 2018.

Abu na ƙarshe, aminiyarki. Har sai kin ga na'urar nan da idonki kin tabbatar ba ta da kunnen jin magana, kada ku sake tattauna lalurarta a cikin motar, ko kuna tare ko ta waya. In za ki sake raka ta Shika kafin ku daidaita da maigida, ki gaya masa tun da safe cewa za ki raka mara lafiya, ki ajiye motar a gida ku hau keke napep. Allah ya ba ta lafiya, ya sanyaya zuciyar maigidanki, ya tsare ki a hanya. Ki sake rubuto mini bayan kun je wurin mai sakawar, ina so in ji sunan wa kuka tarar a kan layin.